Ciwon da Aka Ce Ba Namu Ba Ne

Ni tela ne, ko in ce na yi aikin tela har ranar da idona ya daina ganin kafar allura. A Birnin Gwari aka haife ni, a nan na koyi ɗinkin hannu wurin ƙanen mahaifina, daga baya Allah ya hore mini wani tsohon keken ɗinki na kafa shi a zauren gidanmu. Zamanin Turawa ne, lokacin da ake wankin zinariya a rafukan dajinmu. Gari ya cika da baƙin lebura, kowa yana son a ɗinka masa wando da taguwa kafin ranar kasuwa, don haka ban taɓa rasa abin yi ba.

Maiɗakina 'yar Kazage ce. Doguwa ce, mai saurin tafiya da saurin dariya. In mata suka tafi itace daji, ita ke riga kowa dawowa, har ta sauke ta sha ruwa kafin a hango sauran. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma duk unguwarmu an san nata, don ba ta rowar yaji. Mu biyar ne manya a gidan da farko, amma bayan rasuwar mahaifina da auren ƙanwata sai ya rage daga ni sai ita sai Inna, mahaifiyata, da yaranmu biyu ƙanana.

Da bazara abin ya fara. Tana gaban murhu tana suya, sai ta kira ni daga zaure.

"Malam, zo ka duba mini idon nan. Kamar an hura mini hayaƙi a ciki."

Na duba, ban ga komai ba. Ido fari tas, ba ja, ba kwantsa. Ta ce in ta juya shi yana mata zafi ta can ciki, kuma jan zanen da ke kan igiya ya koma mata kamar ruwan toka. Inna ta ce hayaƙin itacen ɗanye ne, ta sa mata tozali. Bayan 'yan makonni ido ya washe, muka gode wa tozali, muka manta.

Shekara ta zagayo, sai ga ƙafa. Ta ce tana jin kamar a kan auduga take tafiya, wani lokaci kuma kamar tururuwa na hawa mata daga yatsu zuwa gwiwa. Ƙafar hagu ta yi nauyi, ta fara janta, babban yatsa yana zana layi a ƙasar tsakar gida. Wata rana ludayi ya suɓuce daga hannunta har sau biyu tana kwasar miya. A nan ne hankalina ya tashi.

Ba abin da ba mu yi ba. Malamin unguwarmu ya yi rubutu ta sha. Wanzami ya yi mata ƙaho a gadon baya. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono ta zo da saiwa daga ruga, wata tsohuwar Bagwariya ta ba da sassaƙe a dafa a yi wanka. Ciwon kuwa yana da halinsa: ya zo ya zauna wata ɗaya ko biyu, sannan ya tattara ya tafi don kansa, ya bar ɗan saura. Saboda haka duk wanda maganinsa ya dace da lokacin tafiyar, shi ke shan yabo, har sai ciwon ya dawo a nemi wani. Wasu suka ce iska ce ta shafe ta a gindin tsamiyar bakin rafi. Wasu suka ce sammu ne. Da wannan ta kai kunnenta sai ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wa zai ɓata kuɗinsa a kaina? A kan ƙuli-ƙuli?"

Ita ce ta fara lura cewa zafi ne abokin gabarta. In ta daɗe a gaban wuta, ko ta yi tafiya da tsakar rana, sai idon ya sake dushewa, ƙafar ta ƙi ɗaguwa. In ta koma inuwa ta kwara ruwan randa a jiki, kafin a jima sai ta ji dama. Damina kuwa, in hadari ya haɗu iska mai sanyi ta taso daga daji, sai ka rantse ba ita ba ce. Ta rage suya, amma ba ta bari ba. Na sassaƙa mata sanda ta ƙi taɓawa, ta ce ita ba tsohuwa ba ce.

Ana haka sai aka aiko kirana daga sansanin wani Bature mai neman zinariya, can cikin daji ta hanyar Kusasu. Suna son a ɗinka musu gidan sauro da labule da gajerun wanduna na kaki. Na ɗora keke a kan jaki na tafi. Aka ba ni wuri a gindin wata ɗorawa kusa da madafa, inda kukunsu ke aiki. Dattijo ne mutumin Zariya, ya daɗe da Turawa, yana jin harshensu.

Kwana na biyu da hantsi ina cikin ɗinki sai matar Baturen ta fito daga gidan ciyawar da suke ciki. Ba tsohuwa ba ce, ba za ta girmi maiɗakina da yawa ba, amma tana dogara sanda. Ta taho a hankali, tana jefa ƙafar dama, tana jan ta hagu, bakin takalminta yana zana layi a ƙasa. Ƙafata ta tsaya a kan keke. Na bi ta da kallo har na manta da kaina.

"Kai tela, ba a yi musu irin wannan kallon," in ji kuku.

"Baba, ka yi haƙuri. Wallahi tafiyar iyalina ce na gani."

Ya ce in bar wannan magana, amma ashe bai bar ta ba shi. Da la'asar sai ga shi ya zo ya ce uwargida tana kirana. Na same ta a kujera a inuwa, da jiƙaƙƙen tsumma a wuyanta. Na durƙusa na yi gaisuwa. Ta fara tambaya, kuku yana juya mana magana. Shin maiɗakina ta taɓa yin ciwon ido ɗaya ya warke? Na ce ta yi. Ciwon yana zuwa yana tafiya? Na ce haka yake. Zafi yana tayar da shi? Na ce ƙwarai kuwa. Tana gajiya ko ba ta yi aikin komai ba? Wannan ma na ce e, don sau da yawa nakan ga maiɗakina ta zauna jagwab da safe kamar wadda ta wuni noma. Baturiya ta dubi sandarta. Sai ta ce tana son ta ga maiɗakina.

Da na kawo labari gida Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Aka share gida har bayan rumbu, aka aro kujera mai jingina a maƙwabta, aka wanke yara. Maiɗakina ce kaɗai ba ta damu ba.

"Mace ce kamar ni, Inna. In ta zo ta zauna a tabarma."

Ranar da ta zo, mota ta ajiye ta a bakin unguwa, ta ƙaraso da ƙafa a hankali, yara na biye. Sai kuma aka samu matsala: kuku namiji ne, ba zai shiga cikin gida ba, kuma ba mai jin Turanci sai shi. Inna ta yanke hukunci, ta ce ya tsaya a ƙofar zaure ta ciki ya juya baya. Haka aka yi hirar nan, dattijo yana fuskantar bango yana ɗaga murya, mata biyu suna bayansa. Ni ina gefensa, ina leƙe.

Baturiya ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma da ƙyar, ta miƙe ƙafar hagu. Maiɗakina ta miƙe tata kusa da ita. Suka dubi ƙafafun, suka dubi juna. Baturiya ta nuna idonta na dama, maiɗakina ta nuna nata na hagu. Baturiya ta sunkuyar da kai ta bi gadon bayanta da yatsa ta yi alamar zabura, maiɗakina ta tafa hannu.

"Ita ma tana ji! Malam, ka ji? In na sunkuya sai in ji abu ya tsarga mini daga wuya har ƙafa. Na faɗa muku kun ce sanyi ne."

Sannan suka tashi suka taka daga bakin rumbu zuwa gindin randa, kowace da irin janta, suka tsaya suna dariya. Inna ma da ta ɗaure fuska sai da ta murmusa.

A nan muka ji labarin ƙasarsu. Ta ce garinsu yana can arewacin ƙasar Turawa, a bakin teku, inda ake ruwa da sanyi kusan duk shekara, rana kuma ba ta cika fitowa ba. Ta ce a can wannan ciwon sananne ne. Ƙanwar mahaifiyarta tana da shi, matar mai gasa musu burodi tana da shi, akwai wani masunci ma da ya bar shiga jirgi saboda shi. Ba unguwar da za ka shiga a ce ba a san wani mai shi ba, kuma ya fi kama mata, a tsakiyar ƙuruciyarsu. Amma ta ce tun da ta zo ƙasar nan ba ta ga mai shi ba, kuma an gaya mata ba ya kama baƙar fata.

"To ni wa ya kawo mini?" in ji maiɗakina. "Ko Zariya ban taɓa zuwa ba."

Kuku ya juya, Baturiya ta buɗe hannuwa alamar ba ta sani ba.

Maiɗakina ta ce, "Baba, tambaye ta, ita da zafi ke wahalar da ita, me ya raba ta da ƙasar sanyi?"

Amsar ta zo ta bakin kuku, yana ɗan jin nauyin faɗa: wai likitocinsu sun hana ta zuwa, amma ta ce gara ta ja ƙafa kusa da mijinta da ta zauna ita kaɗai a gaban wuta. Maiɗakina ta rufe baki da gefen mayafi, ta saci kallona. Inna ta yi kamar ba ta ji ba.

Kafin ta tafi sun yi musayar dabaru. Baturiya ta ce a riƙa jiƙa tsumma a ɗora a wuya, a yi aiki mai nauyi da sassafe, a kwanta da rana ko ba a jin barci. Maiɗakina ta nuna mata yadda take binne ƙaramin tulu a jiƙaƙƙen yashi ruwan ya yi sanyi kamar na rijiya. Washegari na fito na tarar da sandar da na sassaƙa tana jingine a ƙofar ɗakinta. Daga ranar ta fara dogara ta.

Bayan damina sai likitan ciwon barci ya zo rangadi. A lokacin sukan tara mutanen gari a jera su, a laluba wuyan kowa ana neman kaluluwa. Baturiya ta roƙe shi ya zo gidanmu in ya gama, ya kuwa zo, shi da malamin asibiti. Likitan wani dogon mutum ne mai furfura, yana jin Hausa daidai gwargwado. Wannan karon a zaure aka yi, maiɗakina ta fito da lulluɓi, Inna na gefenta.

Ya daɗe yana dubawa. Ya haska idonta da tocila, ya ƙwanƙwasa gwiwarta da 'yar guduma ƙafar ta yi tsalle, ya ja makulli a tafin ƙafarta yana kallon yatsu. Ya sa ta rufe ido ta taɓa hancinta. Ya laluba wuya, ya ɗebi jini, ya duba fatarta ko akwai tabo. Ya yi tambayoyi masu yawa, tana amsawa ba tare da ta jira ni ba. Da ya gama ya zauna a kan buhun da nake tara ƙyallaye ya cire tabarau.

"Ba ciwon barci ba ne. Ba kuturta ba ce."

Na ce, "Alhamdu lillahi. To ranka ya daɗe, mene ne?"

Ya ce da a ƙasarsu ya ga mace da waɗannan alamu, ba zai yi jinkirin faɗin sunan ciwon ba. Ya faɗi sunan, dogo ne, bai zauna a kaina ba. Ya ce jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa gaɓoɓi suna da wata riga da ke lulluɓe su, to rigar ce ke cinyewa nan da can, saƙo ya riƙa makara ko ya ɓata a hanya. In wurin ya ɗan warke sai mutum ya ji sauƙi.

"Amma abin da aka koya mana," in ji shi, "ciwon mutanen ƙasar sanyi ne. Na daɗe a ƙasar nan ban gan shi ba. Ko dai wani ciwo ne mai kama da shi, ko kuwa yana nan ba mu gani. Gaskiya ban sani ba."

Ya tambaya ko mun san wani mai irinsa. Ni ban sani ba. Inna ta ce tana yarinya akwai wata mata a ƙauyensu da ƙafafunta ke mutuwa suna dawowa, ana cewa iska ce, amma ba za ta rantse iri ɗaya ba ne. Likita ya kaɗa kai. Ya ce su masu iya tsayuwa a layi suke gani, wanda ƙafa ta hana shi fitowa yana ɗaki, ba wanda zai san da shi.

Maiɗakina ba ta damu da na wace ƙasa ba ne. Tambayoyinta uku ne, ta yi su a jere.

"Likita, ana ɗauka?"

"A'a."

"Yarana za su yi?"

"Da wuya. Yawanci ba sa yi."

"Zai kashe ni?"

Ya ce ba shi da magani, ko a ƙasarsu ba su da shi. Wasu yana kwantar da su da wuri, wasu kuma su tsufa da shi suna harkokinsu. Yadda nata ke tafiya yana dawowa da sauƙi, yana sa mata rai da na biyun, amma sani na Allah ne.

"To shi ke nan," ta ce. "Na gode. Bari in je, na bar gyaɗa a rana."

Na raka likita har bakin hanya raina ba daɗi, don ni magani na so ya ba mu. Da na dawo sai na tarar da ita tana waƙa ƙasa-ƙasa tana sheƙar gyaɗa. Ta ce mini tun da abin ya fara take tsoron cin abinci kwano ɗaya da yara, take kuma tunanin ko akwai wanda ta ɓata wa a unguwa. Yau an sauke mata duka biyun. Tun daga ranar muka daina yawon neman magani. Addu'a ba mu bari ba, rubutu ma takan sha don albarka, amma ƙaho da sassaƙe sun ƙare.

Baturiya ta sake zuwa sau da dama, har ta daina zuwa da kuku, don sun samu hanyar fahimtar juna da hannu da 'yar Hausar da ta tsinta. Takan zauna ta taya ɓarar gyaɗa, hannunta na rawa, rabi na zubewa kaji na tsincewa. Bazarar da ta biyo ta yi mata tsanani, ta kwanta, zinariyar ma ta ja baya, sai mijin ya tattara suka koma. Maiɗakina ta soya mata ƙuli-ƙuli cike da ƙwarya, ta rage yaji. Ba mu sake jin labarinta ba. Shekaru bayan haka, in hadari ya taso, maiɗakina takan ce, "Ko ƙawata tana can tana shan sanyinta."

Rayuwa ta ci gaba. Ta ƙara haihuwa, kuma abin mamaki lokacin ciki ne ta fi samun lafiya, sai bayan suna ciwon ya leƙo. Akwai shekarun da ya yi shiru har mu ɗauka ya tafi, akwai shekarar da ta yi wata biyu ba ta fita tsakar gida ba. Suyar ta koma hannun wasu mata biyu na maƙwabta, ita tana zaune a inuwa tana ɗanɗanawa, tana cewa a ƙara gishiri, a rage wuta. Da hannunta ya yi daidai takan ɗinka mini maɓalli, in ya ƙi ta ajiye ba fushi. In ana biki a Kazage mu ɗora ta a jaki tun da asuba mu bi ta cikin daji kafin rana ta ɗaga, tana sama tana nuna mini itatuwan da ta sani tun tana yarinya, tana faɗa mini ina jan jakin kamar mai zuwa jana'iza.

An daɗe da tafiyar Turawa sannan wata jikarmu ta zama nas. Ita ta gaya mini sunan da ake kiran ciwon yanzu, wai ana taƙaita shi da haruffa biyu na boko, em da es. Ta ce har yau an fi samunsa a ƙasashen sanyi masu nisa da mu, a cikinmu kuwa kaɗan ne, amma ba a ƙara cewa babu. Ta ce akwai na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta nuna tabon, sai dai a manyan birane take, kuma mutanen ƙauye ba su isa gare ta. Na tambaye ta ko shi kakarta ta yi. Ta ce alamu sun yi kama ƙwarai, amma ba wanda zai iya tabbatarwa yanzu. Ban matsa ba. Ni dai mutum ɗaya na sani mai shi a garin nan, kuma da ita na yi zaman aure.

Ta tsufa, kamar yadda aka sa mata rai. A ƙarshe tafiya ta gagare ta, sai na sa aka yi mata ɗan dakali a gindin mangwaron tsakar gida, inda iska ke ratsawa. Nan ta mai da fadarta. Amare su zo ta koya musu haɗin yaji, matan da suka yi faɗa su zo ta raba, jikoki su kewaye ta tana tsefe musu kai da hannun da ya fi ƙarfi. Ni ina zaure ina jin muryarta a kan ƙarar keke, in ta yi shiru na leƙa, in ta gan ni ta ce, "Ina nan, Malam, koma aikinka."

Zazzaɓi ne ajalinta, a ƙarshen wata damina, bayan ta ga auren babban jikanta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Mun ji daɗin zamanmu.